DARASI: CIWON BAYA DA BAƘIN CIKIN DA AKA HAƊIYE

 

Abin da ya jawo wannan darasi shi ne wata baiwar Allah da muke karatu da ita a ajin matan aure a nan Ƙofar Mata. Tana cikin matan da ke ɗaurin zanen da ake kaiwa marina, kuma kusan shekara biyu tana fama da ciwon baya. Ta sha na kemis, ta sha na basir da na sanyi, an yi mata ƙaho, an ɗauki hoto a asibiti aka ce ƙashinta lafiya lau. Da aka rasa dalili sai aka fara ce mata ai jifa ne. Wata rana bayan an tashi na tambaye ta, "Maman yara, shin yaushe abin nan ya fara?" Ta yi shiru, can sai hawaye. Ashe ya fara ne 'yan watanni bayan rasuwar ɗanta na fari, a daidai lokacin da kasuwar maigidan ta karye. Ta ce, "Malama, wallahi ban taɓa yin kukansa a gaban kowa ba, kada a ce ban yi tawakkali ba."

MENE NE HAƊIN ZUCIYA DA GADON BAYA?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke da ciwon ƙasan baya, kuma kusan tara cikin goma ba a gano wata takamaimiyar cuta da ta haddasa shi. Idan ya wuce wata uku ana kiransa daɗaɗɗen ciwo.

Ga yadda abin yake. Ciwo kamar kukan maigadi ne: jijiyoyi ne ke kai saƙo, amma ƙwaƙwalwa ce ke yanke hukunci ko akwai haɗari. Idan mace tana cikin fargaba ko ɓacin rai, jiki yakan ɗaure kamar mai shirin gudu, naman wuya da kafaɗa da baya ya sanƙare, barci ya ƙaurace. In wannan hali ya daɗe, sai maigadin ya zama mai saurin firgita, ɗan sunkuyo kaɗan ya kwarma ihu. Daga nan sai tsoro ya shigo, mace ta daina motsi, naman baya ya yi rauni, ciwon ya ƙaru, damuwar ma ta ƙaru. Kin ga an shiga da'ira ke nan.

A lura da kyau, wannan ciwo na gaske ne. Ba raki ba ne, ba kuma ƙiwar aiki ba. Duk mai cewa mace "ai ke kika sa wa ranki" ya zalunce ta.

Hoto ma ba komai yake faɗa ba. A 1994 an yi wa mutum 98 da ba sa jin ciwon baya hoton MRI a Amurka, aka tarar fiye da rabinsu suna da bullin faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya. Saboda haka in an ce miki an ga "ɗan gocewa" a hoto, kada ki ɗauka bayanki ya gama yawo.

ABIN DA MASANA SUKA CE

Wani likitan Amurka, Dokta John Sarno, wanda ya rasu a 2017, ya shahara da cewa fushi da damuwar da mutum ya danne su ne tushen mafi yawan daɗaɗɗen ciwon baya, musamman ga masu son faranta wa kowa. Likitoci da yawa ba su karɓi dukkan bayaninsa ba, domin ya yi nisa wajen ɗora komai a kan zuciya. Amma bincike na baya ya ƙarfafa wani ɓangare na maganar. A 2021 an fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a jihar Kolorado a kan mutum 151 masu matsakaicin ciwon baya. Waɗanda aka koya wa daina tsoron ciwon na tsawon mako huɗu, kashi 66 cikin ɗari sun rabu da shi ko ya kusa barinsu, alhali waɗanda suka ci gaba da kulawar da suka saba kashi 10 ne kacal. A Disambar 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa haɗa wayar da kai da motsa jiki da tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam, ta kuma ce kada a yi amfani da ƙwayoyi irin su tiramadol ga wannan ciwo.

Mu Musulmi wannan ba baƙon ilimi ba ne gare mu. Abu Zaid Albalkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 miladiyya, ya rubuta littafin Masalihul Abdan wal Anfus, inda ya yi bayanin cewa jiki da rai a sarƙe suke, rashin lafiyar ɗaya yana taɓa ɗayan.

HAƘURI DABAN, ƘUNSHE BAƘIN CIKI DABAN

Nan ne gizo ke saƙar. Tun ranar kai amarya nasihar ita ce "yi na yi, bari na bari, ki yi haƙuri." An kuma ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Gaskiya ne riƙe sirrin aure ado ne, haƙuri kuma ibada ne mai lada marar iyaka. Amma da yawa daga cikinmu mun fahimci haƙuri a matsayin yaƙe, ta ciki na ciki. Shin haka addini ya koyar?

Dubi Annabi Yaƙubu (AS) a Suratu Yusuf, aya ta 84 zuwa ta 86. Baƙin cikin rabuwa da ɗansa, wanda ya daɗe yana haɗiyewa, shi ne ya taɓa ganinsa. Annabi ne, mai kyakkyawan haƙuri, amma damuwa ta bayyana a jikinsa, kuma ya kai kukansa ga Ubangijinsa.

Dubi Khaulatu 'yar Sa'alaba (RA) da ta je wa Manzon Allah (SAW) da ƙarar mijinta Ausu ɗan Samit. Ba a ce mata marar kunya ba, a kanta ne farkon Suratul Mujadala ya sauka. Hindu 'yar Utba (RA) ma ta kai ƙarar ƙarancin abin da mijinta ke ba ta, aka ba ta mafita. Shi kansa Fiyayyen Halitta (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Nana A'isha (RA) kuwa takan sa a dama talbina, wani kunu na garin sha'ir, a ba wanda aka yi wa rasuwa.

To ashe abin da aka hana shi ne fushi da hukuncin Allah, da kururuwa da marin fuska da yaga tufa. Hawaye da faɗin damuwa ga wanda zai taimaka ba su warware tawakkali.

KADA KI CE DAMUWA CE SAI LIKITA YA DUBA

Ba kowane ciwon baya ne ke da alaƙa da zuciya ba. Goyo, ɗaukar jarkar ruwa, wanki a duƙe, doguwar zama wajen ɗaurin zane ko ɗinkin hula, da haihuwa kusa-kusa, duk suna da nasu kaso. Ki garzaya asibiti ba tare da ɓata lokaci ba idan kin ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Ƙafa ta yi rauni, ko tsakanin cinyoyi ya mutu ba kya jin taɓawa.
2. Fitsari ko bayan gida yana kufce miki, ko fitsarin ya ƙi fita.
3. Zazzaɓi, rama ko gumin dare, domin tarin fuka yana kama ƙashin baya.
4. Ciwon ya biyo bayan faɗuwa ko haɗari.
5. Kina da juna biyu, ko sikila, ko an taɓa samun ki da ciwon daji.
6. Zafin fitsari, zubar jini ko ruwa mai wari.

Mu nan kusa ga Asibitin Murtala, ga na ƙashi a Dala, ga na Malam Aminu Kano. A guji yawan shan diklofenak da haɗe-haɗen masu talla, domin suna jawo gyambon ciki, suna kuma lalata ƙoda.

MATAKAN SAMUN SAUƘI

Idan likita ya tabbatar babu wata cuta mai haɗari, ga abin da za ki yi:

Na ɗaya, ki lura da lokutan tashin ciwon. Ranar girkin abokiyar zama ne? Ranar da za a nemi kuɗin makaranta? Bayan kin dawo daga gidan surukai? Ki riƙa rubutawa, da boko ko da ajami, har tsawon mako biyu.

Na biyu, ki faɗa wa Allah damuwarki da sunanta. A sujada ko a sulusin dare, ki yi da Hausarki, ki ce "Ya Rabbi, na ji zafin kaza, ina tsoron kaza." In kuka ya zo ki bar shi ya zo.

Na uku, ki sami mutum ɗaya mai amana, uwa ko yaya ko malama, ba dandalin gidan biki ba. Neman shawara domin gyara ba giba ba ne.

Na huɗu, ki yi magana da maigida a lokacin da ya huta, da tattausan lafazi. "Abban yara, akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya" ya fi shekara guda ana gaba. In kuwa zalunci ne, kamar duka ko hana abinci, a kai wa magabata, in ya faskara a je Hisba ko kotu.

Na biyar, ki motsa. Doguwar kwanciya ƙara ciwon take yi. Fara da tafiyar minti goma ko da a tsakar gida ne, ki riƙa ƙarawa, ki kuma nemi masu gashin ƙashi a asibiti su koya miki atisayen da ya dace. Shari'a ta yarda a yi salla a zaune ga wanda ya kasa tsayuwa, kamar yadda aka yi wa Imrana ɗan Husaini (RA) sauƙi, amma in ƙarfi ya dawo sai a koma tsayuwa sannu a hankali.

Na shida, in baƙin cikin ya wuce mako biyu, ba barci, ba cin abinci, ko kina jin gara ki mutu, ki ga likitan ƙwaƙwalwa. Ba hauka ba ne, neman magani ne, kuma sunna ce.

KAMMALAWA

Waccan baiwar Allah ba ta warke a dare ɗaya ba. Ta zauna da yayarta sun yi kukan da ba su yi ba, ta fara zuwa gashi, tana tashi ta miƙe a tsakanin aikin ɗauri. Har yanzu bayan yakan motsa, amma ta daina zargin maƙwabta da jifa, ta kuma dawo tsayuwa a salla.

Aikin gida ga kowace ɗaya daga cikinmu: a wannan makon ki ziyarci 'yar'uwar da kullum ke kukan baya. Kada ki tsaya a "Allah Ya sawwaƙe." Ki zauna, ki tambaye ta abin da ke ranta, ki saurara, sannan ki riƙe mata amana. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Allah Ya yaye mana damuwa, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne. Wassalamu alaikum.