Amaryar Safo da Na'urar Cire Gashi

Saura kwana tara ɗaurin aurenta gwaggonta ta kawo ta ɗakin duba masu ciwon fata a Maraɗi. Daga Safo suka taso, yarinyar ta ja mayafi har hanci duk da zafin bazara. Da ta yaye, sai da mai wannan rubutu ta ajiye biro. Daga haɓa zuwa wuya shatin bakin na'ura ne a jere, mai kusurwa huɗu, kamar an buga mata hatimi. Wasu sun ɗuri ruwa, wasu sun fashe sun bar jan nama.

"Likita, gyaran jiki kawai muka kai ta," in ji gwaggon. "Ɗan gashin nan na haɓa ne, kada dangin miji su gani."

A wani shagon gyaran amare aka yi aika-aikar. Mai shagon ta ce musu leza ce, zama ɗaya gashi ya tafi har abada. Da safe ta tuge gashin da halawa, ta murje fatar da dilka, da la'asar ta ɗora na'ura. Yarinyar ta ce da zafi, aka ce ta daure, ai kyau sai da wahala. Hoton na'urar yana cikin wayar gwaggon: IPL ce, mai walƙiyar haske, ba ma leza ba. Babu gwaji a ɗan gefe, babu tabarau, babu wanda ya tambayi man da take shafawa. Ashe shekara biyu ke nan tana shafa man bilicin mai clobetasol, wanda ke sa fata ta yi siriri, kuma shi kansa yana tsiro wa mace gashi a fuska.

Hasken leza baƙi yake nema. Melanin da ke cikin gashi ya zuƙe shi, ya koma zafi, zafin ya gangara ya ƙone saiwar. Rox Anderson da John Parrish ne suka shimfiɗa wannan ka'ida a Boston ta Amurka a 1983, kuma ta fi sauƙi ga mai farar fata da baƙin gashi. To, fatar Bahaushiya cike take da melanin. Alexandrite mai nanomita 755 da IPL tun a saman fata ake shanye haskensu, sai ƙuna. Nd:YAG mai nanomita 1064 ita ce ke ratsawa ta isa saiwa, ita ce ta baƙar fata, ita ma sai da sanyaya wurin da hannun wanda ya koya.

Abin da ya fi baƙanta rai shi ne halawar. Wanda ya tuge gashi ya cire abin da hasken zai kama. Me ya rage masa in ban da fata? Aski ake yi kafin leza. Ba halawa, ba tsigewa.

Zama ɗaya kuma ƙarya ce. Gashin da ke cikin tsiro ne kaɗai ke mutuwa, shi ya sa ake komawa sau shida zuwa takwas, da tazarar mako huɗu zuwa shida, kuma ragewa yake yi, ba ƙarewa ba. Furfura ko gezau. Mai kaloyid, wato tabo mai tudu, ta faɗa tun farko, mai juna biyu ta jira. Matar da gemu ya fito mata, al'adarta kuma na rikicewa, asibiti ya kamata ta fara zuwa a duba mata PCOS, cutar da ke rikita sinadaran jikin mace.

Mai shafa bilicin kada ta kusanci na'urar nan. Iyaye kuma su daina kai amarya ana saura mako guda. Duk mai shagon da ta kasa faɗin sunan na'urarta da lambar haskenta, a ɗauki jaka a fita. A sake faɗa: ba halawa.

Amaryar kuwa, an wanke mata ciwon, an ba ta magani, an hana ta shiga rana, an tsara mata yadda za ta bar man a hankali. Ba a ɗaga bikin ba, da lulluɓi aka yi shi. Bayan mako shida ta dawo ita kaɗai. Tabon ya yi baƙi ƙirin, ɗaya a gefen muƙamuƙi ya fara tudu, gashin haɓar kuwa ya fito kamar da.