Kafin ka ce "a lallaɓa a kai gari": kira ga masu shigowa Bangui da mota

Ni bakanike ne, garejina yana unguwar Kilomita Biyar, wadda ake kira PK5, a birnin Bangui. Yawancin motocin da ake jawo mini na baƙi ne: ɗan kasuwa daga Kano ko Maraɗi da ya taho da motarsa, direban da ya kwaso kaya daga Duwala, jefi-jefi har da Turawa masu yawon duniya a motar nan mai ɗaki da gado da madafa a ciki. Kusan duk wanda injinsa ya buga, magana ɗaya yake gaya mini: "Wallahi mun ga alama tun baya, sai muka ce a lallaɓa a kai gari." Wannan maganar ce ta sa na yi wannan rubutu.

Ba na ganin baiken mai faɗin haka, don na san hanyar. Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ba ta da teku, mafi yawan abin da muke saye a kasuwar PK5 ta hanyar Duwala yake shigowa, tafiyar kilomita 1,400 da ɗoriya. Wanda ya fito daga arewacin Najeriya kuwa ta Garwa da Ngaundere da Meiganga zai biyo, ya tarar da wannan hanya a Garwa-Bulai. Daga nan ya ƙetara zuwa Beloko, saura kamar kilomita 600: Bouar, Baoro, Bossemptele, Yaloke, Bossembele, Boali, sannan shingen PK12. Tsakanin waɗannan garuruwa akwai daji mai tsawo, ba gareji, wani wurin ko waya ba ta kamawa. Kowa kuma yana tune da ƙarshen 2020, lokacin da 'yan tawaye suka datse hanyar, ɗaruruwan manyan motoci suka yi makonni jibge a Garwa-Bulai, ba a sake shigo da kaya ba sai cikin Fabrairun 2021 da rakiyar sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya na MINUSCA. Mutumin da yake cikin ayari yana ganin rana ta yi sanyi, ba zai so a bar shi shi kaɗai a bakin daji ba.

To amma ba kowace matsala ce take karɓar lallami ba. Akwai wadda za ka ja ta a hankali har gari, akwai wadda tafiyar minti biyar da ita za ta cinye maka kuɗin injin sukutum. Direban da ya iya rarrabe waɗannan biyun ya fi wanda ya cika but da sifanoni.

Idan jar fitilar baƙin mai ta kama kana cikin tafiya, ka sauka gefen hanya ka kashe injin nan take. Babu shawara a nan. Injin da mai ba ya zagayawa a cikinsa ƙarfe ne ke cin ƙarfe, kuma ba ya ɗaukar lokaci kafin ya ɗaure. Ka duba awon mai, ka leƙa ƙarƙashi, don sau da yawa dutse ne ko bakin rami ya fasa kaskon mai. Idan mai ya cika amma fitilar ta ƙi mutuwa, kada ka sake tayarwa, sai a ja motar.

Zafin injin shi ya fi kawo mini aiki, shi ne kuma mutane suka fi rainawa. Allurar zafi ta haura, sai direba ya ce ai saura kaɗan a kai Yaloke. Kan injin motocin yanzu galibi na alminiyam ne, zafi yana lanƙwasa shi, gaskit ya ƙone, ruwa ya haɗu da mai. Idan aka kawo mini irin wannan, ina buɗe murfin mai na ga ya koma fari-fari mai kauri kamar kunun gyaɗa, na san aikin ya wuce na yini guda. Abin da ya haddasa duk wannan kuwa sau tari tiyo ne da ya tsage, ko fanbel da ya tsinke, kayan da kuɗinsu bai kai na abincin rana biyu ba. Ka tsaya, ka bar injin ya huce sosai. Kada ka buɗe murfin lagireto yana tafasa; na ga yaran mota da ruwan ya sale wa fuska da ƙirji. Kada kuma ka sheƙa ruwan sanyi cikin injin da ke ci da zafi. In ya huce, ka nemo inda ruwan yake zuba, ka ɗaure, ka cika, ka tafi a hankali idonka na kan allura.

Birki ma haka. Wanda ya bi hawan dutsen da ke tsakanin Garwa da Ngaundere ya san abin da nake nufi, kuma daga tudun Bouar zuwa Bangui akwai gangare da dama. Mota da lodi, ƙafa a kan birki tun daga sama, sai ya yi zafi ya daina ci. Ƙaramar giya ake saukowa da ita, injin ya riƙe motar. Da ka ji ƙauri, ko ka ji birki yana nutsewa ƙasa, ka tsaya tun kana iya tsayawa. Haka idan taya ɗaya tana gurnani kuma bakinta ya yi zafin da hannu ba zai taɓa ba: boris ne ya ci, tayar tana iya fita da gudu.

Waɗanda ake lallaɓawa su ne irin su sifirin da ganye ɗaya ya karye, a ɗaure a rage lodi, ko salansa da ta faɗi, ko kuloci da ya fara sulɓi. Fitilar batir ma, in ka duba fanbel yana nan lafiya, kana iya kaiwa gari na gaba da rana, ka kashe duk abin da ke jan wuta. Amma in fanbel ɗin ne ya tsinke, a motoci da yawa shi ke juya famfon ruwa, ka ga ka koma maganar zafi ke nan.

Sai mai. Da ka bar manyan garuruwa, a kwalba da jarka ake sayar da shi a bakin hanya, wani da ruwa, wani da datti. Motar gas da ta fara shaƙewa a hawa bayan an sha irin wannan mai, kafin a zargi famfon mai a fara zubar da ruwan da ya taru a ƙasan filta, a canza filtar, a fitar da iska. Duk mai zuwa nan ya riƙe filta biyu ko uku na irin motarsa, da kyalle mai tsabta na tace mai.

A nan ne motoci masu ɗaki suke shan wahala. Yawancinsu a kan ƙaramar motar kaya ta Turai aka gina su, irin su Fiat Ducato, kuma sababbin cikinsu kwamfuta ce ke tafiyar da injin, ga matatar hayaƙi da aka ƙera don gas mai tsabta, ga ruwan AdBlue da suke buƙata. An taɓa jawo mini wata, ta wani dattijo da matarsa. Injin lafiya lau, babu abin da ya karye, amma matatar hayaƙi ta toshe, kwamfuta ta rage wa motar ƙarfi, ko ƙaramin tudu ba ta hawa. Muka zaga masu kayan gyara na PK5 kaf, kowa ya juya ƙaramar na'urar matatar da muke nema a hannunsa ya girgiza kai. Sai da aka aiko da ita daga Faransa, su kuwa suna kwana cikin motar a harabar gareji, kuɗin guzuri yana narkewa. Da tsohuwar Land Cruiser ce ko Hiace, da ranar za su tashi. Ga kuma lodi: tankin ruwa, tukunyar gas, firiji, duk a kan tayoyin da ba a yi su don ramukanmu ba. Mai irin wannan mota, in ta tsaya, abu na farko ya rufe tukunyar gas ɗin girki. 'Yan'uwanmu masu sayen manyan motocin yayi su ma su ji: kafin ka baro gida, ka tambayi wani a Bangui ko ana samun kayan motarka a nan.

In tsayuwar ta zama dole, ka kawar da motar daga kan kwalta gwargwadon iko, ka sa weji ko dutse a taya, ka jera ganye nesa da motar gaba da baya, musamman kusa da kwana. In kun tashi ku kwashe ganyen da duwatsun, masu babur suna faɗuwa a kansu da dare. Ka sanar da jagoran ayari ko direban da ke bayanka daidai inda kake. Ka nemi mai garin ƙauye mafi kusa, ka gaishe shi, ka gabatar da kanka. Wanda ba ya jin Sango ko Faransanci ya nemi mai shayi ko mahauci, da wuya a rasa mai jin Hausa ko Fulatanci a garuruwan hanyar nan. Motar da aka bari ba kowa, kafin a dawo batir da tayoyi sun yi ƙafa. In kuma za a ja ka da igiya, ka tuna injin a kashe birki da sitiyari suna yin tauri, mota mai giya otomatik kuwa ba a yi mata doguwar ja tayoyinta na juyawa a ƙasa, ɗora ta ake yi.

Takardu suna kashe mutum fiye da ƙarfe. Inshorar ECOWAS da ka yanka a Najeriya ba ta aiki a nan, Kamaru da Afirka ta Tsakiya takardar CEMAC suke bi, wadda ake kira Carte Rose. Sefar Nijar ma daban take da sefar nan, ka canza kuɗinka tun kafin iyaka, ka riƙe tsaba. Layin MTN yana Kamaru amma babu shi a ƙasar nan, sai Orange da Telecel da Moov. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne takardar kwastan da ta ba motar baƙo izinin zama na 'yan kwanaki. Mota tana gareji ana jiran kaya, maigida ya manta, wa'adi ya cika, ranar tafiya sai tara. Ka je ka nemi ƙarin wa'adi tun kafin ya ƙare, ka tafi da shaidar gareji a rubuce.

Mu ma masu gyara ina da magana da mu. Baƙon da mota ta mace wa amana ne. Abin kunya ne a ninka masa farashi don ba ya jin yaren gari, ko a sa masa tsohon kaya a ce sabo ne. Kai kuma Alhaji mai mota, ku yi ciniki kafin a kwance ƙusa ko ɗaya, ka ce a nuna maka abin da aka cire, kada ka bar fasfo ko takardun mota a matsayin jingina.

Roƙona ga duk mai shirin tahowa, musamman da damina: ka kai motarka a duba tiyo da fanbel da birki da boris mako guda kafin tafiya, ka ɗauko safaya biyu, ka tashi da asuba ka yada zango kafin magariba. Ka kuma gaya wa direbanka da bakinka cewa in jar fitila ta kama ko allura ta haura, ya tsaya, ba za ka yi masa faɗan ɓata lokaci ba. Allah ya kai kowa gida lafiya.