Darasin Wata: Abin da Ɗan Sakandare Ke Koyo Game da Kasuwanci

Babbar hanyar mota da ta tashi daga Sakkwato zuwa Jega ta ratsa ƙasar Bodinga da ta Shagari kafin ta kai Tambuwal. Kullum motoci na bin ta ɗauke da hatsi, albasa, wake, shinkafa da dabbobi. Mutanen Sifawa, Danchadi, Dingyadi, Lambara, Kajiji da Dandin Mahe manoma ne, kuma kusan kowane gida akwai mai saye da sayarwa.

Saboda haka wasu iyaye kan ce: "Yaro ya iya karatu da rubutu, ya isa. A cire shi ya je kasuwa ya koyi neman kuɗi." Wasu kuma kan hana yarinya zuwa aji don ta ɗauki talla. Wannan darasi zai nuna cewa a makarantar sakandare ma ana koyar da kasuwanci, kuma abin da yaro ke koyowa a can yana iya tsare jarin gidansu.

Yadda darasin ya shiga makaranta

A shekarar 1982, lokacin mulkin Shugaba Shehu Shagari, aka fara aiki da tsarin ilimi na 6-3-3-4 a Nijeriya. Ma'anarsa shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babbar sakandare, 4 a jami'a. Shi kansa Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a garin Shagari a 1925 ya rasu a 2018, malamin makaranta ne kafin ya shiga siyasa.

Manufar tsarin ita ce yaron da ya gama ƙaramar sakandare ya fito da abin yi a hannunsa, ko da bai ci gaba da karatu ba. Shi ya sa aka sa darasin kasuwanci a ƙaramar sakandare. A cikinsa akwai saye da sayarwa, ajiye lissafin kuɗi, aikin ofis da buga tafireta. Daga baya kwamfuta ta maye gurbin tafireta. A babbar sakandare kuma akwai darasin ciniki, da na akanta, da na tattalin arziki. A 2011 aka shigo da sabuwar manhaja ta babbar sakandare wadda ta ƙara darussan sana'a, har da na dabarun sayar da kaya.

Ga abubuwa huɗu daga cikin abin da ake koya wa yaran. Duk kuɗin da ke cikin lissafin nan misali ne kawai. Mai karatu ya sa farashin kasuwarsu a madadinsu.

Na ɗaya: sanin uwar kuɗi

Uwar kuɗi ita ce duk abin da mutum ya kashe kafin kaya su kai hannun mai saye. Riba ita ce abin da ya ragu bayan an fitar da uwar kuɗi. In abin da aka samu bai kai uwar kuɗi ba, an faɗi.

A ce wani manomi ya yi noman rani a fadama, ya sami albasa buhu 10. Ɗansa ɗan aji uku ya ɗauko littafi ya rubuta abin da aka kashe:

Iri da dashe: N40,000
Taki: N90,000
Man injin ban ruwa: N70,000
'Yan ƙwadago: N60,000
Buhuna: N10,000
Mota da dako: N20,000
La'adar dillali: N10,000
Jimla: N300,000

In aka raba N300,000 gida 10, kowane buhu ya tsaya wa manomin a kan N30,000. In ya sayar a kan N35,000, zai karɓi N350,000. Ribarsa N50,000 ke nan.

To, a ce ɗan sari ya taya N28,000. Manomin da ba ya rubutu zai ga N280,000 a hannu, ya ce kasuwa ta yi kyau. Ya manta da takin da ya saya wata uku da suka wuce, ya manta da man da ya riƙa saye kaɗan-kaɗan. Alhali ya faɗi da N20,000. Wanda ya rubuta kuwa ya san inda zai ce albarka, ya san inda zai sallama.

Na biyu: raba jari da kuɗin cefane

Wannan ya fi shafar mata masu sana'a a cikin gida. A ce wata mata tana yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ta sayi gyaɗa ta N12,000, ta biya niƙa N1,000, ta sayi itace na N1,000. Uwar kuɗinta N14,000. Ta sayar da mai N11,000, ƙuli-ƙuli N5,000. Ta haɗa N16,000. Ribarta N2,000.

Da yamma sai ta ɗebi N3,000 a kwanon ciniki ta yi cefane. Ta cinye ribar duka, ta kuma ci N1,000 daga jari. In ta yi haka sau 14, jarin ya ƙare. Sai ta ce sana'ar ba ta da albarka, ko ta ce an yi mata baki. Sana'ar lafiyarta lau. Kuɗin ciniki da na cefane ne suka haɗu a kwano ɗaya.

A makaranta ana koya wa ɗalibi ya tsaga layi a tsakiyar shafi. Hannun hagu a rubuta kuɗin da suka shigo. Hannun dama a rubuta waɗanda suka fita. Kowane layi da kwanan watansa. Abin da mai sana'a ya ɗiba don gidansa ma a rubuta shi. Yarinyar da ta koyi wannan za ta iya riƙe wa mahaifiyarta lissafi da littafi mai ganye 40 da biro ɗaya.

Na uku: rubuta bashi

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ba mai tireda a ƙauye da zai ce ba ya ba da bashi. Abin da ke karya shi shi ne bashin da ba a rubuta ba. Mai kaya ya ce kwano biyar ne, wanda ya karɓa ya ce huɗu ne. Kuɗi su salwanta, zumunci ya ɓaci.

Ɗalibi na koyon ware wa kowane mai bashi shafinsa. A rubuta sunansa, ranar da ya karɓa, abin da ya karɓa, da ranar da ya yi alkawarin biya. In ya kawo wani abu a rage a gabansa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Musulmi, domin aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, umurni ne da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu.

Haka nan ana koya wa yara amfanin rasit, da yadda ake ajiya a banki. Mutane ba su manta da ƙarancin takardun kuɗi na farkon shekarar 2023 ba, lokacin da aka canza fasalin Naira. Masu hatsi da masu dabbobi da yawa sun rasa yadda za su karɓi kuɗinsu sai ta waya. Yaron da ya yi karatu ya san cewa ba a sakin kaya don an nuna saƙo a wayar mai saye. Sai an duba an ga kuɗin sun shiga asusun mai kaya.

Na huɗu: dabarun sayarwa

A 1960 wani malamin jami'a a Amurka mai suna Jerome McCarthy ya tsara dabarun sayar da kaya gida huɗu. Su ne kaya, farashi, wuri da talla. Littattafan kasuwanci da yawa na bin wannan tsari. Ga yadda ya shafi manomi da mai ƙaramar sana'a.

Kaya. Mai saye da ido yake fara saye. Albasar da aka tsince, manya daban ƙanana daban, aka cire ruɓaɓɓu, ta fi wadda aka zuba a haɗe daraja. Waken da aka sheƙe aka tsince tsakuwa ya fi saurin fita. Wanda ya sa manya a bakin buhu ya ɓoye ƙanana a ƙasa zai ci riba sau ɗaya, amma mai sayen ba zai dawo ba. Haka wanda ya tauye mudu.

Farashi. Ba a yanka farashi sai an san uwar kuɗi, an kuma ji yadda ake sayarwa a wasu kasuwanni. Yaro na iya buga waya Sakkwato ko Jega ya ji farashi kafin a ɗaure kaya.

Wuri. Kasuwar nesa ba kullum ta fi ta kusa ba. In buhu ya fi tsada a Sakkwato da N3,000, amma mota da dako da abincin hanya za su ci N3,500 a kan kowane buhu, gara a sayar a gida. In manoma biyar suka haɗa kaya a mota ɗaya, kuɗin motar kowa zai ragu. Wannan na daga cikin amfanin ƙungiyar gama kai.

Talla. Talla ba ɗora tire a ka kawai ba ne. Duk hanyar da za a sanar da mutane cewa akwai kaya talla ce. Allo a ƙofar gida mai ɗauke da sunan kaya da farashi talla ne. Sanarwa a rediyo talla ce. Lambar waya a jikin galan talla ce. Wadda ta fi su duka ita ce shaidar wanda ya saya ya ji daɗi. Matar da ta yi suna da tsabta da cika mudu, gida ake biyo ta. Ba sai ta cire 'yarta daga aji ba.

A sayar yanzu ko a ajiye?

Kowane manomi ya san kaya na araha lokacin girbi, su yi tsada in an jima. Amma ajiya ma tana da kuɗinta. A koma kan albasa buhu 10 ɗin nan da ta tsaya a kan N300,000.

A ce manomin ya ajiye ta wata uku. Gyaran rumfar ajiya da juyawa da tsincewa sun ci N20,000. Uwar kuɗi ta koma N320,000. Albasa takan ruɓe, takan kuma rage nauyi. A ce buhu 8 suka rage. In farashi ya kai N50,000, zai sami N400,000. Ribarsa N80,000. Ajiya ta ƙara masa N30,000 a kan ribar sayarwa nan take.

In kuwa farashi ya tsaya a N40,000, zai sami N320,000. Ba riba ko ta kwabo, ga wahalar wata uku. Ashe tashin farashi kaɗai bai isa ba. Sai an auna shi da ɓarnar da za a yi da kuɗin ajiya. Gero da dawa sun fi albasa jure ajiya, saboda haka lissafinsu daban ne. Tumatir kuwa ba ya jira ko kaɗan, sai in an shanya shi ya zama kauɗa.

Aikin iyaye

Abin da yaro ya koya a allo, in bai gwada ba, zai manta da shi bayan jarrabawa. Malami na da littafi, uba na da gona da kasuwa. Sai an haɗa biyun. Ga abin da iyaye za su iya yi:

1. Uba ya je makaranta ya tambayi shugabanta ko ana koyar da darasin kasuwanci, kuma wane aji. In babu malamin darasin, a kai maganar taron iyaye da malamai.
2. A saya wa yaro ko yarinya littafi ɗaya na lissafin gida, dabam da na makaranta.
3. Duk ranar da aka sayi taki, iri ko mai, a gaya wa yaron ya rubuta a ranar.
4. A tafi da shi kasuwa ranar da babu makaranta ko lokacin hutu. A nan zai koyi tayi da sallamawa da sanin halin mutane. Wannan uba ne malaminsa.
5. Ƙarshen wata a zauna ya karanta lissafin a gaban mai sana'a. Uban da ke zuwa ajin yaƙi da jahilci zai iya bin layin da yatsa ya duba da kansa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya saba rubuta N500 ɗin dako yana ɗan shekara 14, shi ne za a iya danƙa wa motar kaya in ya girma. In ya ci gaba da karatu yana iya zama akawu, ko ma'aikacin banki, ko malamin wannan darasi. In ya tsaya a gida, ya zama manomi ko ɗan kasuwa mai sanin inda kuɗinsa ke shiga da inda suke fita.

Kalmomin darasi

Jari: kuɗi ko kayan da aka fara sana'a da su.
Uwar kuɗi: duk abin da aka kashe a kan kaya.
Riba: abin da ya ƙaru a kan uwar kuɗi.
La'ada: ladan dillali.
Rasit: takardar shaidar biyan kuɗi.
Manhaja: tsarin darussan da ake koyarwa a makaranta.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka fara aiki da tsarin 6-3-3-4?
2. Waɗanne ne dabarun sayarwa guda huɗu?
3. Wani ya sayi gero buhu 5 a kan N40,000 kowanne. Ya biya mota N10,000. Ya sayar da kowane buhu N43,000. Nawa ne ribarsa?
4. Wata mata tana da jarin N14,000 da ribar N2,000 a kowane yi. Nawa za ta iya ɗiba ba tare da ta taɓa jari ba?
5. Waɗanne abubuwa huɗu ake rubutawa a shafin mai bashi?

Aikin gida

Kowane ɗan aji ya zaɓi sana'a ɗaya ta gidansu. Ya rubuta duk kuɗin da suka shigo da waɗanda suka fita na kwana 7, shi da ɗansa ko 'yarsa. Ya kawo wa malamin aji a duba tare.