Azara da Rufin Soro

Jama'a, kowace shekara idan ruwan Agusta ya yi ƙarfi, sai mu ji labari ɗaki ya rufta wa mutane da dare. Sau da yawa bango yana nan tsaye, rufin ne ya faɗo. To, yau za mu yi magana a kan itacen da ke ɗauke da rufin, wato azara.

Daga giginya ake samun azara mai kyau. Akwai giginya namiji, akwai mace. Macen ita ce mai 'ya'ya. Magina sun fi son namijin, don ya fi tauri, kuma gara ba ta cika cinsa ba. Amma ko a jikin namijin ba ko'ina ne ke da ƙarfi ba. Ku dubi giginya, za ku ga wurin da ta kumbura can sama. Daga gindi zuwa ƙasan kumburin nan ne itacen kirki yake. Idan an faskara ta, bayan baƙi ne mai tauri, cikin kuwa fari ne mai taushi. Farin nan ba shi da amfani ga gini. Yana shan ruwa, yana ruɓewa. In za ku sayi azara, ku ɗaga ta ku ji nauyinta, ku ƙwanƙwasa ta da ƙotar gatari. Wadda ta yi nauyi, ta yi baƙi, ta yi ƙara, ita za a saya. Mara nauyi kuwa a bar wa mai ita, ko da ya karya kuɗinta. Kada kuma a yi rufi da ɗanya, sai ta bushe sarai.

Ga babbar ƙa'ida, ku riƙe ta da kyau. Azara ɗaya ba ta ɗaukar ƙasar rufi in tsakanin inda ta dafa da inda ta dafa ya wuce kamar ƙafa 6. In ya wuce haka, sannu a hankali sai ta lanƙwashe. Tsakiyar rufin ya lotsa, ruwa ya kwanta a wurin. Jiƙaƙƙiyar ƙasa kuwa ta fi busasshiya nauyi ƙwarai. Nauyi ya ƙaru, azara ta ƙara lanƙwashewa, har ranar da za ta karye.

To, yaya za a yi in ana son ɗaki mai faɗi? Magina suna da dabara. Sukan jera gajerun azara a kan bango, su tura kawunansu cikin ɗaki, su danne gindinsu da ƙasa, su ɗora wasu a kai su ƙara turowa. Da haka tsakanin ya ragu. Sukan kuma gitta azara a kusurwoyi huɗu na ɗakin. In ɗakin babba ne ainun, sai a kafa ginshiƙi a tsakiya, ko a yi bakan gizo. Bakan gizo aikin gwanaye ne, kada wanda bai koya ba ya gwada. Irinsa ne Babban Gwani ya yi a Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu.

Kowane kan azara ya shiga bango sosai, kada ya tsaya a baki-baki. A jera su kusa da juna, a shimfiɗa zana a kai, sannan a zuba ƙasa. A karkata rufin kaɗan wajen indararo, a yi indararon ya yi tsawo don kada ruwa ya bi bango. Kafin damina a hau a share shi, a toshe tsaga, a shafe rufin da makuba.

Giginya ta yi ƙaranci a wurare da yawa, ga shi kuwa takan yi shekaru masu yawa kafin ta isa sara. Muruci da muke ci da daɗi, giginyar gobe ce muke tonewa. A riƙa barin wasu su girma. Wanda zai sare babba kuma ya fara neman izinin malamin daji.

Yau in kun koma gida, ku ɗaga kai ku dubi rufin ɗakinku. In kun ga azara ta yi ciki, ko garin itace yana zubowa, ko hanyar gara ta hau bango, ku tokare wurin da gungumen ƙirya, ku fitar da yara, ku kira magini.

Tambayoyi: Wane wuri ne ya fi tauri a jikin giginya? Ƙafa nawa azara ɗaya ke iya ɗauka?