Kafin Ka Sa Dutsen Farar Ƙasa A Tankin Murjani

Sana'ata ita ce haɗa tankunan gilashi na kifin teku da murjani, da kula da su a otal-otal da gidajen cin abinci da gidajen haya na Al Rigga, a yankin Deira na Dubai. Tambayar da ta fi yawa daga masu sabon tanki, har da 'yan uwanmu 'yan kasuwa masu son kai irinsa Kano ko Abuja, ita ce: "Malam, tunda dutsen shago ya yi tsada, ko dutsen farar ƙasa zai yi?" Amsata ita ce zai yi, amma sai ya cika sharuɗɗa.

Dutsen farar ƙasa da ƙashin murjani asalinsu ɗaya ne, sinadarin kalshiyam kabonet. Yawancin irin wannan dutse tsohon ƙasan teku ne da ya daskare. Haka na Jabal Hafit a Al Ain yake, haka wanda ake fasawa a Ras Al Khaimah, haka na Kalambaina da ake yin siminti da shi a Sakkwato, inda har yau ake tsintar ɓawon halittun ruwa a jikinsa. Saboda haka tsabtataccen dutsen ba ya cutar da ruwan gishiri.

Sai dai akwai maganar da masu sayarwa ke yi wadda ba gaskiya ba ce, wai dutsen zai riƙa narkewa yana ciyar da murjani. Ruwan tankin murjani yana tsayawa ne tsakanin 8.1 da 8.3 a ma'aunin pH, kuma a nan dutsen kusan ba ya narkewa. Na'urar da ke narkar da shi sai ta sauke ruwan cikinta zuwa wajen 6.5 da iskar kabon. Don haka ko ka cika tanki da dutse, dole ka ci gaba da auna kalshiyam, ka riƙe shi kusa da miligiram 420 a kowace lita, kana ƙarawa idan ya ragu.

Ainihin aikin dutse a tanki shi ne zama gidan bakteriya. Kashin kifi da ragowar abinci suna fitar da amoniya, guba ce mai kisa. Bakteriyar da ke zaune a ƙofofin dutse ita ke juya ta zuwa abin da kifi zai iya jurewa. Shi ya sa nake ɗaga dutse a hannu kafin in dubi kyansa. Idan ya fi yadda ido ya zata sauƙi, jikinsa duk ramuka, ruwa yana shiga yana fita da kumfa, to wannan ne ake nema. Idan kuwa sumul ne mai nauyi irin na daɓen bene, ado kawai zai yi. Ga kuma batun nauyi: tanki mai lita 400 ruwansa kaɗai ya haura kilo 400, kafin gilashi da yashi da dutse. A benayen Al Rigga wannan lissafi ne da ake yi da mai gida tun kafin a kawo kaya.

Inda aka fi shan wahala shi ne abin da dutsen ya sha kafin ya zo hannunka. An taɓa kirana wani gidan abinci inda koriyar gansakuka mai kama da gashi ta rufe komai, murjanin ya koma ruwan ƙasa. An canza ruwa, an rage fitila, an sayo dodon koɗi masu cin gansakuka, duk a banza. Da na bincika, sai aka ce duwatsun daga lambun gida aka kwaso su, inda suka daɗe ana zuba wa furanni taki. Dutsen farar ƙasa yana riƙe sinadarin fosfet na taki, sannan ya riƙa sakinsa a hankali na tsawon watanni. Murjani yana son fosfet ƙasa da miligiram 0.1 a kowace lita, gansakuka kuwa shi ne abincinta. Mai gidan ya ce, "To yanzu mene ne magani?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a fitar da duwatsun." Kuɗin da aka yi gudun kashewa tun farko an ninka shi.

Ga yadda nake tantance dutse. Da farko a ɗiga masa ruwan khal: idan ya yi kumfa sosai, farar ƙasa ce. A duba jikinsa da kyau, duk wanda ke da zanen tsatsa ko ɗigon kore ko ƙyalƙyalin ƙarfe a ajiye shi, domin jan ƙarfe ko kaɗan ne yana kashe murjani da jatan lande. Baƙin dutsen da ake kawowa daga Fujaira don aikin hanya wani iri ne dabam, kada a haɗa. Bayan haka a wanke da buroshi ba tare da sabulu ba, a jiƙa a roba mai tsabta cikin ruwan gishiri da aka haɗa da tataccen ruwa, a sa famfo yana juya shi, a rufe daga haske. Kowane mako a auna fosfet da amoniya, a canza ruwan. Wannan kan ɗauki mako 4 zuwa 8. Sai awo ya sauka ya tsaya, sannan dutse ya shiga tanki. A jera shi a ƙasa kafin a zuba yashi, don kada kifi mai tono ya rushe ginin a kan gilashi, a kuma bar sarari ruwa ya ratsa.

Wasu kan ce ai gara su je bakin teku su ɓallo nasu dutsen murjanin. Da can mutanen Dubai da dutsen murjani suke gini, har yanzu ana ganinsa a bangon Makarantar Al Ahmadiya da aka kafa a Deira a 1912, da tsofaffin gidajen Al Fahidi. Yau abin ya canza. Zafin ruwa na 2017 ya kashe murjani mai yawa a gaɓar Abu Dhabi, dokar ƙasa ta hana ɗibarsa ba tare da izini ba, kuma yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta CITES ta sa sai da takarda ake ƙetare iyaka da murjani mai ƙashi. Wanda ya cusa shi a kayan jirgi zuwa gida yana iya haɗuwa da kwastan.

Busasshen dutsen tudu ya fi dutsen shago sauƙin kuɗi, ba ya zuwa da tsutsotsi ko ƙaguwa masu ɓarna, kuma bai rage wa teku komai ba. Abin da yake nema shi ne haƙuri. Duk wanda zai sayar maka da dutse, ka tambaye shi daga ina aka haƙo shi da kuma inda ya zauna. Idan ya kasa amsawa, kada kifi ko ɗaya ya shiga tankin sai ka jiƙa dutsen ka auna da kanka.