Darasin Wannan Wata: Aikin Kwamfuta Ta Hannun 'Yan Kwangila

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan wata a kan 'ya'yanmu yake. Da yawa cikinmu mun sayar da gyaɗa da masara, waɗansu har da bijimin noma, domin yaro ko yarinya su koyi ilimin kwamfuta a kwaleji. Sun gama, sun yi bautar ƙasa, sun komo gida da takarda. In aka yi dace aka kira su aiki, sau da yawa sai ka ji yaro ya ce, "Baba, a banki zan yi aiki, amma ba banki ne ya ɗauke ni ba." Maganar nan takan rikitar da iyaye. To, ita za mu warware, gama ta wannan hanya yara da yawa suke samun abinci, ta nan kuma ake cutar waɗansu.

Mu fara daga gona. Mai babbar gona in yana bukatar 'yan ƙwadago ashirin lokacin noman fari, ba ya bin gida gida. Yakan kira shugaban 'yan ƙwadago, su yi jinga, ya ba shi kuɗi. Lebura yana noma a gonar mutum ɗaya, amma hakkinsa yana hannun wani. In shugaban ya gudu da kuɗi, mai gona zai ce, "Ni na biya." Haka manyan kamfanoni suke yi da aikin kwamfuta, sai dai nasu da takarda da hatimi.

Masu tsayawa a tsakani iri uku ne, kuma ya kamata yaro ya san wanda ya kira shi. Akwai dillali, wanda aikinsa haɗa mai nema da kamfani kawai. Da zarar kamfani ya ɗauki yaron, dillali ya karɓi la'adarsa a wurin kamfanin, ya janye. Akwai kamfanin samar da ma'aikata. Shi ne ke ɗaukar yaro, sunan yaron yana littafinsa, shi ke biyan albashi, amma ya tura shi ya zauna a banki ko a wani ofis yana gyaran kwamfutoci, ko lura da na'urar cire kuɗi. Na uku kuwa shi ne kamfanin da ke karɓar aiki ɗungum, ya yi shi da nasa mutane, sau da yawa a nasa gini.

Me ya sa manyan kamfanoni suka fi son haka? Domin yana rage musu kashe kuɗi, in aiki ya ragu kuma ba su da wahalar sallama. Ku duba kamfanonin wayar hannu, waɗanda suka soma aiki a Nijeriya a 2001. A 2010 kamfanin Airtel ya miƙa wa kamfanin IBM na Amurka kula da kwamfutocinsa a ƙasashen Afirka 16. A 2014 kamfanin MTN ya ƙulla yarjejeniyar miƙa turakun sadarwarsa fiye da 9,000 na Nijeriya ga kamfanin IHS. Watau saurayin nan da kuke gani yana zuwa da babur yana duba injin da ke gindin doguwar turakar bayan gari, galibi ba ma'aikacin kamfanin waya ba ne. Na ɗan kwangila ne, wani lokaci ma ɗan kwangilar ɗan kwangila. Saboda haka yaron da ya ce shi sai ƙofar babban kamfani zai ƙwanƙwasa, yana iya shekara uku yana jira, alhali ƙofar da ake shiga tana gefe.

A ganina, hanyar nan ba abin raini ba ce ga ɗan talaka wanda ba shi da kowa a birni. Ɗan kwangila ya fi damuwa da abin da hannun yaro ya iya. Cikin shekara biyu yaro zai taɓa na'urorin da bai taɓa gani a makaranta ba, ya san mutane, in ya yi tattali kuma ya zauna jarrabawar shaidar ƙwarewa irin ta Cisco ko CompTIA, waɗanda masu ɗaukar aiki suka sani. Ba a Legas kaɗai ake samun irin wannan aiki ba. Wata 'yar Arewa, Amal Hassan, ta kafa kamfanin Outsource Global a 2013, inda matasa a Abuja da Kaduna suke yi wa kamfanonin ƙasashen waje aiki ta waya da intanet.

Amma aikin kwangila ransa ɗaure yake da ran kwangilar. Kamfanin Andela, wanda ya soma a Legas a 2014, ya yi suna wajen horar da matasa rubuta manhaja, yana ba kamfanonin Amurka hayarsu. A watan Satumba na 2019 ya sallami ƙananan ma'aikata wajen 400 a Nijeriya da Kenya da Yuganda, domin masu hayar sun ce ƙwararru suke so. Yaran ba su yi laifin komai ba. Kasuwa ce ta juya. Don haka, iyaye, kada mu ɗora wa yaro kuɗin makarantar ƙannensa duka da rufin kwano tun watan fari. A bar shi ya ajiye abin da zai riƙe shi wata uku in kwangila ta ƙare.

Abin da za a tambaya kafin a sa hannu

Tambaya ta fari ita ce, sunan wa ke saman takardar ɗaukar aiki? Wannan shi ne ubangidan yaro, ko da wane irin tambari ke rataye a wuyansa. In babu takarda sam, babu aiki, gayya ce. Dokar Ƙwadago ta ƙasa ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku su cika. An yi dokar musamman domin leburori da akawuna, don haka mai aikin fasaha ya fi dogara ga abin da takardarsa ta ce. Lalle ta faɗi albashi, da ranar biya, da tsawon kwangila, da kwanakin sanarwa kafin sallama. Yaro ya karanta ko an hana shi komawa aiki kai tsaye a wurin da aka tura shi, gama waɗansu takardu suna da wannan ƙulli.

Sai a bincika kamfanin. Doka ta ce duk mai ɗaukar ma'aikata domin wani sai ya sami lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. A nemi ganinsa. Ana kuma iya duba sunan kamfani a wurin hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ta waya, kyauta.

Maganar fansho ita ce yara suka fi sakaci da ita, domin tsufa yana musu nisa. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, ubangida ya ƙara kashi 10, a zuba a asusun da ke da sunan ma'aikacin. Asusun nasa ne, yana binsa duk inda ya koma. Ɓarnar da ake yi ita ce, a cire kashi 8 a takarda, a ƙi zubawa. Yaro ya riƙa duba asusunsa kamar yadda muke leƙa rumbu domin gara. Ya kuma sani cewa tun Yuli 2024 mafi ƙanƙantar albashi naira 70,000 ne, ko da yake wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba dokar ba ta ɗaure su ba. In rigima ta taso, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraro, kuma abin da za ta fara nema shi ne takarda.

Ba a sayen aiki

Nan ne maganar ta shafi asusun ƙungiyarmu kai tsaye. A wata ƙungiya da na ziyarta, wani dattijo ya nemi rance daga kuɗin taki, wai an yi wa ɗansa alkawarin gurbi, sai a biya kafin Jumma'a. Ƙungiya ta ji tausayi ta ba shi. Mai alkawarin ya kashe wayarsa, dattijo kuwa ya shiga damina ba taki, da bashi a wuya. Kamfanin gaskiya a wurin mai neman ma'aikata yake karɓar kuɗi. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 181, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2023, ta hana masu samar da aiki karɓar kuɗi daga hannun mai nema. Ko kuɗin fom ma abin tsoro ne. Ku tuna da 15 ga Maris 2014, ranar jarrabawar shiga hukumar shige da fice. Wani kamfanin kwangila ne ya gudanar da cika fom ta intanet, kowa ya biya naira 1,000. Fiye da mutum 500,000 suka nema, gurabe ba su kai 5,000 ba, mutum 16 a ƙalla suka mutu cikin turmutsitsi.

Akwai abin da ya fi asarar kuɗi muni. 'Yan damfara suna tallar "aikin kwamfuta" mai albashi mai tsoka a ƙasashen Asiya, da tikitin jirgi kyauta. In yaro ya isa sai a ƙwace fasfonsa, a kulle shi, a tilasta shi yaudarar mutane ta intanet. A watan Agusta na 2023 ofishin kare hakkin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce ana iya samun mutum 120,000 a ƙalla cikin wannan hali a Miyanma, da wajen 100,000 a Kambodiya. A gida ma abin ya iso. A watan Disamba na 2024 hukumar EFCC ta kama mutum 792 a gini ɗaya a Legas, cikinsu har da 'yan Sin 148, yawancin sauran kuwa matasanmu ne da aka ɗauka don sun iya kwamfuta. In aikin ya ƙunshi yin hira da baƙi da sunan ƙarya, yaro ya tashi ya bar wurin ran nan. In an yi wa wani tayin fita waje wanda ba a gane kansa ba, a kai magana ga hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane.

A taronku na gaba, magatakarda ya karanta darasin nan, a kira yaran da suka gama makaranta su zauna tare da iyaye. A rubuta sunayen 'ya'yan gari da ke aiki a birni da kamfanin da ke biyan kowannensu, domin mai nema ya san wanda zai tambaya. Sa'an nan ƙungiya ta yanke shawara ta rubuta a littafi: za a iya ba da rancen kuɗin mota zuwa ganawa, ko kuɗin jarrabawar ƙwarewa wanda za a kawo rasidinsa, amma ba a ba da ko kwabo domin sayen gurbi.