Amsoshin Tambayoyinku: Shayi ne ke hana barci, ko sa wa rai ne?

Tambaya: A fadarmu ta shayi nan Matameye gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wasu sun ce shayi da goro ba sa hana barci, sa wa rai ne kawai. Ana iya auna wannan? Daga wani ɗalibi, Matameye.

Amsa: Ɗana, ana aunawa, kuma kowane ɓangare na da rabonsa na gaskiya.

Shayi da goro da kafe duka suna ɗauke da sinadarin kafeyin, wanda ke tare hanyar adenosin, sinadarin da ke sanar da ƙwaƙwalwa gajiya. Kafin rabin kafeyin ya fita daga jini sai an yi wajen awa 5. Ka ga ke nan shayin bayan isha'i yana nan a jika har tsakar dare.

Sa wa rai kuma ana auna shi ta hanya biyu. Ta farko tambayoyi ce. A 2012, Edward Huntley da Laura Juliano a Amurka suka fitar da ma'auni mai jimloli 47, mutum ya nuna iyakar yardarsa da kowace. Sun kasu gida 7, ciki har da kuzarin aiki, kashe yunwa, tashin hankali da hana barci.

Ta biyu ita ce raba mutane gida huɗu. Biyu a ba su kafe na gaske, biyu a ba su wanda aka cire wa kafeyin. A kowane ɓangare, rabi a faɗa musu gaskiya, rabi a juya musu magana. Nan ake rarrabe aikin sinadari da aikin zato. A Jami'ar Sidni ta Ostireliya, mashaya kafe da aka hana su sha sun sami sauƙin kasala da kewarsa bayan an ba su marar kafeyin suna zaton na gaske ne.

Ciwon kan farkon azumi kuwa sau da yawa na rashin kafeyin ne: yakan fara awa 12 zuwa 24 bayan an daina. Hukumar abinci ta Turai ta ce baligi ya tsaya a miligiram 400 na kafeyin a yini, mai juna biyu 200. In jarrabawa ta gabato, ka sauke buta tun la'asar.